Fanke Ɗaya Da Yaro Na Sha Bakwai

Jama'a, yau babu doguwar gaisuwa, abin da ke cikina ya fi ƙarfin gaisuwa. Wanda zai zage ni a ƙasan rubutun nan ya zage ni, amma don Allah ya bari ya kai ƙarshe tukuna. Masu ce mini "Afrakoma gidan rediyo" kuma na ji, na gode, ku matsa in zauna.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Afrakoma, shekarata ashirin da shida, a Bantama muke nan cikin Kumasi, ni da mahaifiyata Maame Konadu mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Digiri na biyu nake yi a kan yadda hankalin ƙananan yara ke girma, wato yaushe jariri ke gane cewa abin da aka rufe da zani bai ɓace ba, yaushe yaro ke fara iya danne ransa, da makamantansu. Maame kuwa in ƙawayenta suka tambaya, cewa take, "Raino take karantawa. Abin da na yi kyauta da goyo a baya, ita sai an ba ta takarda." Ranar Alhamis ɗin nan zan kare kundina a gaban malamai.

Kundin a kan wani gwaji ne mai sauƙi. A shigar da yaro ɗan shekara huɗu ɗaki, a ajiye masa fanke ɗaya a faranti, a ce masa, "Zan fita in dawo. In ka ci, shi ke nan. In ka jira ni, zan ƙara maka na biyu." Sai a fita a bar na'urar ɗaukar hoto tana kallonsa minti goma. Na gwada yaran yanzu guda arba'in, kowanne sai da uwarsa ta karanta takardar izini ta sa hannu, don kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarmu ya wahalar da ni wata biyar a kan takardar nan. Sannan na kwatanta su da wasu yara na cikin tsohon kaset da wata baturiya ta ɗauka a wani ƙauyen bakin tafki shekara ashirin da huɗu da suka wuce, ta bar wa sashenmu. Yaran kaset ɗin ba su da suna, lamba ce kawai.

To, a cikinsu akwai yaro na sha bakwai. Kai, wannan yaro! Ɗan siriri, kansa ya fi wuyansa ƙarfi, rigar makarantarsa ta yi masa yawa. Sauran yara wani ya lashi fanken ya mayar, wani ya ƙwaƙule cikinsa ya juya ramin ƙasa don kada a gani. Shi kuwa sai ya kalli ƙofa, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, ya rufe idon hagu, ya sunkuyo dab da farantin ya ce wa fanken a hankali, "Kai ma ka yi haƙuri, za ta dawo." Duk ajin da aka nuna wa wurin nan sai an kwanta da dariya. 'Yan ajinmu har sitikar waya suka yi da fuskarsa, ana tura wa juna. Babi na huɗu na kundina gaba ɗaya a kansa ya tsaya, na kira shi gwarzon danne rai.

Kuskurena ɗaya, wata rana muna ɓarar gyaɗa na ba Maame labarin yadda ake gwajin. Sai ta ce, "Uhm." Da na san irin wannan uhm ɗin ne, da na haɗiye harshena.

Yanzu ga Oduro. Mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, shagonsa yana unguwar Suame. Na'urar ofishinmu ce ta lalace ya zo gyara, ya tarar da ni a ƙasa ina rarrafe ina nuna wa wata jaririya inda na ɓoye cokali. Ya tsaya da tsani a kafaɗa ya ce, "Madam, in cokalin ne yana ƙarƙashin zanin can." Daga nan aka fara. Maraya ne, kakarsa ce ta raine shi a ƙauye, ita ma ta rasu. Ba shi da hayaniya, sai wani guntun tabo da ya raba masa girar hagu biyu, wanda ni dai yake burge ni, ku kuma ba ruwanku. Sau uku danginsa suna neman ranar zuwa ƙwanƙwasa ƙofa, su gabatar da kansu a nemi aurena, sau uku Maame tana ɗagawa.

Dalilinta ubana ne. "Ubanki ko ruwan shayi ba ya iya jira ya tafasa," in ji ta. "Kina shekara uku kasuwa ta ɗan ja baya, wata shida kacal, ya ɗauki jakarsa. Na yi wa kaina alkawari ba zan miƙa ki ga mai gajen haƙuri ba, ko da shi ya ƙera firjin duniya."

Ranar Juma'a ta ce in gayyato shi cin abinci. Ni da murnata na ɗauki waya.

Ni: Lahadi ƙarfe ɗaya. Maame ta ce kada ka ci komai, fufu za ta daka maka da miyar gyaɗa.

Oduro: Ko shayi?

Ni: Ta ce ko shayi.

Oduro: To. Zan kawo cikina fayau kamar sabon firji.

Ranar Lahadi muka dawo daga coci, na sa doguwar rigata koriya mai zanen ganyen koko, na ɗaura ɗan ƙaramin ɗankwali, har da turaren da nake ɓoyo. Ina fitowa falo na ga ƙanen Maame, Wofa Ntim, wanda tsohon alƙalin wasan ƙwallo ne, yana zaune da usur a wuya da agogon auna gudu a hannu. Ƙanwarta Anti Pokuwa, shugabar matan zumunta, tana tsaye a kan kujera da leshinta fari tana cusa wayar Maame cikin furen robar da ke kan kabad ɗin tangaran, idon wayar yana kallon tebur. A kan teburin kuwa ga farantin baƙi mai bakin zinariya, ga fanke ɗaya tal a tsakiyarsa.

Na ce, "Maame, mene ne wannan?"

"Karatunki ne. Ko ba ke kika ce da shi ake gane mai haƙuri ba?"

"Na yara ne! 'Yan shekara huɗu!"

"Namiji da yunwa ai ɗan shekara huɗu ne," in ji Anti Pokuwa daga kan kujera. "Riƙe mini ƙafar nan kada in faɗo."

"Maame, ba a gwada mutum bai sani ba. Sai an gaya masa, ya yarda, ya sa hannu. Kuma ba a ɗaukar hotonsa a ɓoye. Haramun ne a aikinmu, korata za a yi in aka ji."

Maame ta gyara ɗaurin zaninta ta dube ni sama da ƙasa. "Izini? Shi da ya fara kallon 'yata a ofis, ya zo Kejetia ya nemi izinina? Wace takarda na sa wa hannu?"

Wofa Ntim ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Ni shekara talatin ina busa usur, ban taɓa neman izinin ɗan wasa ba."

Na zaro wayata zan rubuta masa, Maame ta fizge ta jefa cikin rigarta, wurin da ko ɓarawon Kejetia ba ya kai hannu. "Ki yi masa ko tari ne, ƙofar nan ba za a ƙwanƙwasa ta ba sai baɗi. Zaɓi ya rage naki."

Ga ikirarina na farko, ku rubuta. Da na so, da na fita bakin titi na tare shi. Ban fita ba. Tsoron baɗi yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Can ƙasan raina ni ma ina son in ga abin da zai yi.

Ƙarfe ɗaya daidai ya yi sallama, da farar riga mai dogon hannu ta sha guga har tana ƙyalli, baƙin wando, da burodi biyu a leda. Mu uku mun riga mun shige ɗakin Maame, mun jeru a bayan tagar gilashin nan mai layi-layi da ke kallon falo, labule ya rufe mu. Maame ta ba shi ruwa, ta tambaye shi hanya kamar yadda aka saba, sannan ta tura masa farantin.

"Ɗana, Afra tana shiri, ni kuma zan duba miya. Ga fanke. In ka ci, shi ke nan. In ka jira ni, akwai na biyu."

Ya kalli fanken, ya kalle ta. "To, Maame."

Ta zagayo ta ƙofar baya ta shigo mana tana haki. Wofa ya danna agogo.

Minti uku na farko ya karanta kalandar coci tun daga Janairu. A minti na takwas cikinsa ya yi wani ƙugi da har mu muka ji, Anti Pokuwa ta toshe baki da gefen mayafi ta raɗa, "Zai ci. Na rantse zai ci, dubi maƙogwaronsa." Ƙamshin miyar gyaɗa kuwa ya cika gidan, don da gangan Maame ta buɗe tukunyar ta kunna fanka a bayanta. Da minti goma ta cika, Wofa ya kai usur baki, Maame ta damƙe hannunsa.

"Minti goma na ɗan shekara huɗu ne. Wannan shekararsa ashirin da takwas. Yi lissafi."

Wofa ya ƙirga da yatsu. "Minti saba'in."

"Maame, ba haka ake yi ba!" na ce da raɗa.

"Ke da kika san yadda ake yi, shekara ashirin da shida kina gidana."

Haka muka tsaya, manya huɗu, gumi yana bin bayanmu, muna leƙen bawan Allah da fanke. A minti na ashirin da biyar ƙuda ya sauka a bakin farantin, Oduro ya kore shi da hannun dama ba tare da ya taɓa komai ba. Wofa ya ce a ƙa'ida wannan ba laifi ba ne, tunda ƙwallo ba ta motsa ba. Anti ta ce ƙafarta ta yi sanyi, a kawo mata kujera. Ni kuwa ga kunya ga dariya.

A minti na talatin da huɗu ne abin ya faru. Ya ɗaga kai ya kalli ƙofar da Maame ta fita. Ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Ya rufe idon hagu. Sannan ƙaton mutum mai gemu, mai shago da yaran aiki uku a ƙarƙashinsa, ya sunkuyo dab da farantin ya ce a hankali, "Kai ma ka yi haƙuri, za ta dawo."

Jama'a, sai na zauna daɓas a kan buhun atamfar Maame. Ƙauyen bakin tafki. Shekara ashirin da huɗu a kan huɗu. Tabon girar hagu, wanda a kaset ɗin sabo ne har da shuɗin magani a kai. Na kalli kaset ɗin nan ya fi sau ɗari biyu, na auna ƙiftawar idon yaron da daƙiƙa, amma ko sau ɗaya ban haɗa ba. To wa zai je neman mijin aure a babi na huɗu?

A bakin tagar kuwa gardama ta kaure da raɗa.

"Yaya, da fanke yake magana," in ji Anti Pokuwa. "A sake binciken danginsu. Akwai taɓin hankali a gidan nan."

"Taɓin hankalin me? Lallashinsa yake yi," in ji Maame, idonta ya kawo ruwa. "Mutumin da zai ba fanke haƙuri, ina ga matarsa? Ubanta ko ni bai taɓa ba haƙuri ba."

"Saura minti talatin da biyar," in ji Wofa.

Ya cika mintocin kuwa, a zaune a kan hannuwansa. Da saba'in ta cika Wofa ya manta a ɓoye muke, ya busa usur iya ƙarfinsa. Oduro ya zabura har gwiwarsa ta bugi tebur. Maame ta fita da gudu da fanke na biyu a hannu, ta rungume shi tana cewa, "Ɗana! Ɗana na kaina! Ka gaya wa mutanenku Asabar mai zuwa su zo su ƙwanƙwasa, ƙofar ma a buɗe za su same ta." Shi dai yana ta "Na gode, Maame," yana kallon Wofa da usur, yana kallona. Aka kawo fufu ya ci malmala biyu. Ni ko loma uku ban iya haɗiyewa ba.

Wajen ƙarfe huɗu na raka shi. Motar aikinsa tana ƙarƙashin bishiyar mangwaron maƙwabta, bayanta cike da tukwanen gas da wayoyi. Muka shiga muka zauna, ya sauke gilashi.

"Afra, gidanku kullum haka ake karɓar baƙo, ko ni ne na zo ranar wasa?"

Na gaya masa na farkon, wato gwajin Maame da taga da wayar cikin fure. Ya yi dariya har yana dukan sitiyari. "Saba'in? To da na kai shekara hamsin fa, kwana zan yi?" Da ya ga ban taya shi ba, ya tsaya. "Mene ne kuma?"

"A ƙauyenku, kana ƙarami, wata baturiya ta taɓa zuwa makarantarku?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa gaba ɗaya. "Wa ya gaya miki?"

Maame ta riga ta dawo mini da wayata. Ga ikirari na biyu: hoton yana cikinta, alhali doka ta ce kada ya bar kwamfutar ofis. Na buɗe na miƙa masa.

A farkon kaset ɗin, kafin a fara gwaji, akwai wani hannu da ke shigowa daga gefe ya gyara wa yaron wuyan riga, hannun tsohuwa da ɗan murjani a wuyansa. Daƙiƙa biyu ne, ni kullum wucewa nake yi. Oduro ya ce, "Tsaya. Mayar." Na mayar. Ya ce in sake. Sau uku.

"Hannun Nana ne, kakata," ya ce. "Ba ni da hotonta ko ɗaya. Ni kaina ban taɓa ganin fuskata ina yaro ba."

Ya kalli sauran har inda kaset ya yanke a minti goma. Sannan ya ajiye wayar a cinyarsa, yana kallon gaba.

"Nan ya ƙare a wurinku?"

"Nan ya ƙare."

"An ce wa Nana likitoci ne za su duba lafiyar yara, ta dangwala yatsa. Da za ta fita ta ja kunnena ta ce, ɗan gidan mutunci ba ya taɓa abinci a gaban baƙo sai an ce masa ci. Tafintan baturiyar kuwa bai ce ci ba. Ya yi wata doguwar magana, ni dai na ji matar za ta dawo." Ya shafa tabon girarsa. "Ashe suna fita mai gari ya iso gaishe da baƙuwa, da kiɗa da laima. Kowa ya tafi kallo. Wani ya zo ya ja ƙofar ajin ya sa kwaɗo, bai leƙa ba."

"Oduro..."

"Har rana ta faɗi ina zaune a kan hannuna. Fitsari ya matse ni na yi a wando, ban tashi ba, don an ce in jira. Da Nana ta sa aka fasa kwaɗon, tururuwa ta rufe fanken baƙi ƙirin. Ta dake ni saboda wandon, sannan ta zauna a ƙasa ta fi ni kuka." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Ni ban ma ji zancen na biyu ba, Afra. Ba lada nake jira ba. Tsoro nake ji. Har yau in aka bar ni da abinci a gidan mutane, sai in ji hannuna ya tafi da kansa."

Shafi talatin da ɗaya na rubuta a kan dabarun yaron nan na danne rai saboda hangen lada. Shafi talatin da ɗaya, da jadawali mai launi.

Ya sake ɗaukar wayar ya tsayar da hoton daidai inda yaron ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe yana kallo. "Na san fuskar nan," ya ce. Ya zaro tasa wayar, ya buɗe hirarmu, ya yi sama. Ga ta nan. Duk ranar da ya makara zuwa ɗaukata, sitikar nan nake tura masa, da rubutu a ƙasanta: ina nan ina jira. Shi kuma yakan mayar mini da fuskar dariya, wata rana har ya rubuta, wannan yaron ya sha wuya.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

"Mutum nawa suka gani?"

"Duk shekara ana nuna wa 'yan aji."

"Tun yaushe?"

"Tun... tun da aka kawo."

"Suna dariya?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke fa? Kin yi dariya?"

Ina iya cewa sau ɗaya ne, ko da farko ne kawai. Amma mutumin da ya yi minti saba'in da yunwa saboda ni bai cancanci ƙarya ba. Na ce, "Kullum."

Ya gyaɗa kai. "Ranar Alhamis da na ce zan rufe shago in zo in zauna a gaba in tafa miki, shi za ki nuna?"

"A bango. Da majigi."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya miƙa hannu ta gabana ya buɗe mini ƙofar motar, don daga ciki sai da dabara take buɗuwa. "Ki gaida Maame. Ki ce miya ta yi daɗi."

Ina shiga gida na tarar da Maame da Anti sun baje atamfofi a kan kujera suna zaɓen ankon Asabar. Maame tana ta murmushi ta nuna mini wayarta. Ta riga ta tura nata hoton zauren matan zumunta, da rubutu a sama: ku ga surukina mai haƙuri. Mutum arba'in da uku sun gani, wata har ta tambaya ko yana da ƙane. Ban san lokacin da na yi mata tsawa ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ta goge tana ƙunƙuni, wai yaran zamani ba a yi musu gwaninta. Ban gaya mata dalili ba. Na shiga ɗaki na goge sitikar daga wayata, ina gogewa ina kuka, don na san tana cikin wayoyin mutum ɗari da ban isa in taɓa ba.

Jiya Litinin da sassafe na je wurin malamin da ke duba kundina, Dakta Amankwa. Na zayyana masa komai, ina zaton zai riƙe kai. Sai ya miƙe tsaye, tabarau a hannu, fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa.

"Kin samo na sha bakwai? Da ransa? Afrakoma, kin san abin da kika taka kuwa? Me yake yi yanzu? Ya yi karatu? Yana shan taba? Nauyinsa nawa? Ki kawo shi mu auna!"

"Dakta, an manta da shi a ɗaki har magariba. Kakarsa ba ta san abin da ta dangwala wa yatsa ba."

"Amma ta dangwala." Ya jawo wani tsohon fayil ya buɗe mini, ga shuɗin yatsan Nana a ƙasan takardar Turanci. "Kwamiti ya amince da wannan tun kina rarrafe. Abin da ya faru bayan minti goma ba ya cikin bincikenmu."

"In na cire shi fa?"

Ya zauna, ya mayar da tabarau. "Babi na huɗu ya rushe, na biyar a kansa yake zaune. Malamin da zai zo daga wata jami'a ya riga ya karanta, ya sayi tikitin mota. Ki cire, sai baɗi, in ma an ba ki wuri." Da ya ga idona, ya sassauta. Ya zaro sabuwar takardar izini, irin wadda ni da kaina na tsara, mai akwati biyu, na yarda da ban yarda ba. "Ba saurayinki ba ne? Ya sa hannu a nan, hankalin kowa ya kwanta. Ai abin cikin gida ne."

Na karɓa. Ku zage ni, na karɓa. Shekara uku na yi a kan kundin nan, Maame ta ɗinka kaba, rigar bikinmu, tun Ista saboda ranar, kuma a zuriyarmu babu macen da ta taɓa kaiwa nan. Ina son Oduro har cikin ƙashina, kuma ina son a kira sunana ranar Alhamis. Duka biyun gaskiya ne.

Yau Talata da safe na bi ta Suame. Ba ya shago, ya fita aiki, sai na zura takardar ta ƙarƙashin ƙofar ofishinsa na tura masa saƙo. Na rubuta na goge ya fi sau goma.

Ni: Na bar maka takarda. Ba dole. In ka ce a'a, a'a ne. Ka yafe mini. Ka yafe mana duka.

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Na ajiye wayar na wanke kwanukan da na riga na wanke. Maame tana falo tana waya da mai hayar kujeru, tana cewa hamsin ba za su isa ba, a kawo tamanin.

Sai ƙarfe sha biyu da kwata saƙo ya shigo. Hoton takardar ce, a kan murfin wani firji, gefenta da ɗan baƙin mai. Akwatin na yarda babu komai. Akwatin ban yarda ba shi ma babu komai. A tsakiyar takardar, da birom shago, ya rubuta da manyan baƙaƙe:

"Ni babba ne, ba ni aka kulle ba. Ki je ki nemi izinin yaron."

Na rubuta: Asabar fa? Mutanenku za su zo?

Oduro: Alhamis tukuna. Zan zo, a gaba zan zauna.

Yanzu haka kwamfutata tana buɗe a kan gado, a shafin da fuskarsa take, ido ɗaya a rufe. Na iya tsara takardar izini da ko kwamiti bai sami abin gyarawa ba, na san yadda ake durƙusawa a yi wa ɗan shekara huɗu bayani har ya gane. Amma wannan yaron shekara ashirin da huɗu ke nan yana zaune a ɗakin can babu wanda ya tambaye shi komai, ni kuma ban san ta wace ƙofa ake shiga wurinsa ba. Saura kwana biyu.